Ranar da Yaya Ya Ci Gumbar Sadakarsa

Da sunan Allah nake farawa, mai rayawa, mai kashewa, wanda Shi kaɗai ya san wa ke kwance a kowane rami.

A shekarun farin nan da suka zo a jere, lokacin da gero ke fitowa ya kai gwiwa ya tsaya yana kallonmu muna kallonsa, ni da yayana muna noma gonakin da mahaifinmu ya bar mana, kowa da nasa gidan, katanga ɗaya ta raba mu. Ƙauyenmu yana ƙasar nan da ke tsakanin birni da Watari, inda gona ke jingine da gona, babu dajin da za ka ɗaure akuya. In ka yi atishawa a gonarka, maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa.

Yaya ya yi karatu a zaurukan birni, ya dawo da gemu da kuma wata ɗabi'a: ba ya karɓar labari sai da asalinsa. In ka ce masa an yi ruwa a Rimin Gado, sai ya ce, "Wa ya faɗa maka? Shi ya jiƙe, ko shi ma ji ya yi?" Matarsa ta taɓa aiko masa cewa tuwo ya sauka, ya tambayi yarinyar ko ta gani da idonta.

Abokin gardamarsa shi ne mutumin da muke kira Likita. Ma'aikacin ɗakin shan magani ne a garin da muke cin kasuwa, amma mu duk wanda ya riƙe allura likita ne. Bahaushe ne kamarmu. Kakanninsa Maguzawa ne, iyayensa suka shiga addinin Kirista, shi ma ya tashi a ciki. Ran kasuwa da yamma yakan biyo da kekensa ya jingine a gindin tsamiyar ƙofar masallaci, ya zauna gefen tabarma. Yunwa ta hana mu komai a shekarun nan, amma ba ta hana mu gardama ba, tunda ita ba a cefane kafin a yi ta.

Wata yamma maganar ta faɗa kan Annabi Isa, aminci ya tabbata a gare shi. Su Kirista suna cewa an kashe shi, an binne, ya tashi. Likita ya zo da wani ɗan littafi nasu da aka buga da ajami, ya ce Malam ya duba da kansa. Yaya bai taɓa ba, ni ya sa na karanta. Ajamin nasu wasula sun yi masa yawa, amma yana karantuwa.

"Malam, kai mai son shaida," in ji Likita, "ga ta nan har huɗu. Mutum huɗu suka rubuta, kowa da littafinsa, wannan ɗaya ne daga ciki. Duk sun haɗu a kan an binne shi, da sassafen Lahadi aka tarar babu kowa a kabarin."

"Wa ya fara tararwa?"

"Mata."

"Mata nawa?"

"Wani ya ambaci ɗaya, wani biyu, wani uku."

"Mala'ika nawa suka gani?"

"Wani ya ce ɗaya, wani ya ce biyu."

Yaya ya shafa gemu ya dubi jama'a. "To kun ji. Ko akuya ce ta ɓata, alƙali ba zai ba ka ita da wannan shaidar ba."

Likita bai ji haushi ba, ba ya ma ji. Ya ce, "Malam, in ka ga shaidu huɗu sun zo bakinsu ɗaya, ba ƙari ba ragi, ai a zauren wani suka zauna suka yi bita. Kuma in ƙirƙira ce, wa zai ƙirƙiri labari ya sa mata a gaba, a ƙasar da ba a jin shaidarsu? Ai da hakimi za su sa." Sannan ya ce akwai wata wasiƙa da ta girmi littattafan huɗu, wanda ya rubuta ta a dā farautar mabiyan yake yi. A ciki ya jera waɗanda suka ce sun gan shi a raye, ya ce shi ma karɓa ya yi daga na gabansa, kuma yawancinsu suna nan da rai lokacin da yake rubutun.

Da Yaya ya ji "karɓa daga na gabansa" sai ya gyara zama. "Yauwa. Yanzu ka fara magana irin ta mutane. Shi mai wasiƙar, yana wurin ranar da aka ce an kashe shi?"

"Ba ya nan. Amma almajiransa da suka gudu ranar, daga baya sun tsaya har an kashe wasunsu a kan maganar. Mutum yana ba da wuyansa a kan ƙarya?"

"Yana bayarwa a kan abin da ya gaskata. Wannan ya wanke zuciyarsa, bai wanke idonsa ba."

Daga nan Yaya ya faɗi abin da muka riƙe, wanda Ubangiji ya sanar da mu, cewa ba a kashe shi ba, kamanta musu aka yi, shi kuwa Allah ya ɗauke shi. A kan wannan nake, a kansa nake fatan cikawa. Da ya tsaya nan da ya huta. Amma sai ya ɗaga yatsa a gaban Liman da kowa ya kafa doka: maza biyu adilai da suka gani da ido sun fi mata goma masu gudu da asuba. Liman ya gyaɗa kai. Likita ya hau kekensa yana dariya, ya ce sai wata kasuwar.

Da rani ya tsananta, maza suka fara tafiya cin rani. Yaya ma ya ɗaure ƙullinsa zai nufi kudu. Abin da ya rage masa a duniya dami uku ne na irin gero, zangarniyar da ya zaɓa da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, irin mahaifinmu mai saurin nuna. Ya sa su a rumbu, ya mayar da jinka, ya kira ni da matarsa ya ce ko yara za su yi kuka har muryarsu ta dushe kada a taɓa. A shekarun nan wanda ya ci irinsa ya ci gonarsa, domin in ruwa ya sauka babu mai ba ka ko cikin tafi. Ya sa shuɗiyar rigarsa mai faci a kafaɗa da jar hular darar da kowa ya san shi da ita, ya tafi.

Ana cikin haka sai ga wasu dattawa biyu daga ƙauyen da ke gabas da mu, mutanen kirki, masu sallar sahun farko. Suka yi sallama, suka ce sun zo da nauyi. A wata tashar mota can kudu cutar amai da gudawa ta kama Yaya, sun gan shi kwance ba rai, an yi masa sutura a gabansu. Liman ya tambaye su, da idonku? Suka ce da idonmu. Muka yi kuka, muka yi salati, matarsa ta shiga takaba. Sadakar uku da ta bakwai muka harhaɗa da ɗan abin da ke hannunmu. Likita ya zo gaisuwa, ranar ce na fara ganinsa ba dariya.

Da arba'in ta gabato sai aka rasa abin yi. A wurinmu gumbar arba'in daga hatsin mamaci ake yinta, in ba haka ba a ce 'yan'uwa sun ci gado sun manta da mai shi. Hatsin mamaci kuwa babu sai dami ukun nan. Na ce a bari, dattawa suka ce mai irin ba zai dawo ya shuka ba, kuma Allah da ya tsaga baki ba zai hana shi abin sawa ba. Aka daidaita a kan dami ɗaya. Ana gobe sadaka aka fito da shi, mata suka sussuke, suka surfa, suka jiƙa.

Ranar sadakar, bayan sallar asuba, muna zaune a zauren Yaya, ga Dagaci, ga Liman, ga mutanen da ban taɓa sanin sun san Yaya ba. A shekarar yunwa ba a rasa masu ta'aziyya. Sai muka ji ihu daga wajen rijiya. A lokacin rijiyar ba ta tara ruwa sai da sassafe, tsofaffin mata ne ke rigan kowa. Uku suka shigo a guje: Gwaggonmu, da ungozomar gari, da tsohuwa mai ƙosai, wadda ta daina ƙosai tun da wake ya ɓace amma sunan ya zauna.

"Mun gan shi!" in ji Gwaggo. "Wallahi mun gan shi!"

"Wa kuka gani, Inna?" in ji Liman.

"Mamacin! Yana tsaye bakin rijiya cikin likkafani!"

"Ba likkafani ba ne," in ji ungozoma, "likkafani ba ya da rubutu. Kuma a zaune yake."

"Su biyu ne ma," in ji mai ƙosai.

"Ke kuma ina kika ga na biyu?"

"Inuwarsa kika gani, makauniya!"

"Ya yi magana?" Dagaci ya tambaya.

Gwaggo ta ce ya kira ta ya ce ta kawo masa riga. Ungozoma ta ce ruwa ya roƙa. Mai ƙosai ta ce ita ba ta tsaya jin hira ba, kuma guganta yana can, wanda ya isa ya je ya ɗauko.

Liman ya yi murmushi irin na masu haƙuri. Ya ce yunwa da baƙin ciki sukan nuna wa mutum abubuwa. Ya ce Allah ya jiƙan mamaci, shi da bakinsa ya bar mana hukuncin wannan mas'ala a gindin tsamiya: maza biyu adilai sun fi mata goma masu gudu da asuba, ga shi waɗannan ma uku ne kawai. Dattawan biyu na ƙauyen gabas suna zaune a wurin, suka gyara rawani. Aka ce tsofaffi su shiga ciki su sha ruwa.

Daidai lokacin Likita ya iso da kekensa. Da aka ba shi labari ya tsaya riƙe da keken, na ga kumatunsa suna rawa.

"Mata uku?" ya ce. "Da asuba?"

Na ce e.

"Kuma bakinsu bai zo ɗaya ba?"

Na ce bai zo ba.

Ya juya ya fuskanci katanga, kafaɗunsa na girgiza. Wasu suka ce dubi bawan Allah, har yau kuka yake. Da ya samu kansa ya ja ni gefe ya ce, "Zo mu je rijiyar. Ni dai ba ni da bakin ƙaryata mata."

Muka je. Ga guga uku a yashe, ga sawun takalman tsofaffi sun nufi gari, tsakanin taku da taku ya fi na samari. Ga kuma sawun ƙafa ba takalmi, babban yatsan hagu ya karkace waje, kamar na Yaya tun da jaki ya taka shi muna yara. Sawun ya bi bayan gidaje ya ɓace a kan busasshiyar ƙasa. Muka dawo na faɗa wa Liman a kunne. Ya ce, "Ɗana, aljani ma yana da ƙafa."

Kafin nan an fara fito da gumba, an kuma ga ba za ta kai ko'ina ba, jama'a sun cika zaure sun malala har gindin tsamiya. Dagaci ya ce abin kunya ne a sallami mutane hannu wofi, a fito da sauran dami biyun. Na ce a dakata a bincika maganar sawun, aka ce baƙin ciki ya taɓa ni ni ma. Samari biyu suka zagaya bayan gida wajen rumbu, muka bi su ni da Likita, jama'a suka biyo mu don ganin an cika umarni. Aka ɗaga jinka, ɗaya ya shiga ya miƙo dami, aka ɗora kusa da turmi. Wata ta zari zangarniya ta cusa, ta ɗaga taɓarya.

Sai tarin karan da ke jingine bayan rumbu ya motsa, wata murya ta fito daga ciki.

"Wa ya ba ku izini?"

Ban taɓa ganin gari ya watse irin na ranar ba. Taɓarya ta yi gabas, mai ita ta yi yamma. Dagaci, wanda sai an riƙe shi yake hawa jaki, ya tsallake danga. Saurayin da ke cikin rumbu ya ja jinka ya rufe kansa. Daga cikin karan wani abu ya fito, dogo, ramamme, kai ba hula, sanye da buhun takin zamani da aka huda wa wuya da hannuwa, rubutun boko a ƙirji. Ya wuce kowa, ya je ya rungume damin ya zauna a kai.

Liman bai gudu ba, a ba shi wannan. Ya tsaya daga nesa yana karanta abin da ya sawwaƙa, sannan ya ce, "In kai mutum ne, faɗi ko wane ne kai."

"Allah gafarta Malam, ni ne. Wa ya ce muku na mutu?"

Aka nuna dattawan biyu, waɗanda ke leƙe ta bayan turken akuya.

"Kun gan ni da idonku?"

"Mun gan ka, Malam. Allah ya jiƙanka."

"Fuskata kuka gani?"

Suka dubi juna. Babban ya ce ai cutar ba a matsa mata kusa, daga bakin rumfa suka tsaya. An rufe fuskar da jar dara. Amma rigar, shuɗiya mai faci a kafaɗa, ko cikin dubu za su gane ta.

"Riga kuka binne!" in ji Yaya. Ya ce zazzaɓi ya kayar da shi a tashar, yana kwance bai san inda kansa yake ba wani ya tuɓe masa riga da dara. Wata mai sayar da abinci ta yi jinyarsa, da ya miƙe ya kamo hanya a ƙafa. Da ya iso rijiya ya roƙi Gwaggo ta kawo masa riga, ta zubar da guga. Ya zagayo ta baya, ya hango zaurensa cike har da Dagaci, ya ga malami kamarsa ba zai shiga taron manya cikin buhu ba, kai ba hula. Shi ne ya shige kara yana jiran in gifta ya kira ni. Daga baya ya gaya mini a ciki ya ji Liman yana yabonsa ta bayan katanga, ya ce bai taɓa jin haka daga bakinsa ba, shi ya sa bai yi gaggawa ba.

Duk da haka jama'a ba su matso ba. Wani ya ce fatalwa ma takan iya zance. Sai Likita ya ce shi ya san gwaji ɗaya, kuma a littafinsu ma an yi shi: a ba shi abinci, fatalwa ba ta ci. Kowa ya yarda. Aka kawo ƙwaryar gumba aka tura masa da sanda.

Yaya ya dubi gumbar, ya shinshina, ya dube ni. "Wannan daga ina?"

Na nuna masa rumbu.

"Ba zan ci ba. Irina ne."

"To Malam," in ji Liman, "in ba ka ci ba, shaidar maza biyu tana nan daram, sadaka kuma ba a fasa ta. A ɗauko taɓarya."

Ya ci. Yana ci hawaye na zuba, kowace loma sai ya ce wannan shukar gefen tsamiyar gona ce, wannan ta wajen iyaka ce. Da ya kai loma ta uku yunwa ta karɓi ragamar, ya share ƙwaryar ya nemi ƙari. Nan mata suka ɓarke da guɗa, Gwaggo ta zo ta dungure masa kai ta ce ja'iri, matarsa ta aiko daga ɗaki a tambayi Liman ko ta ajiye takabar ko ta ƙarasa tunda ta riga ta saba. Na tuɓe rigata na ba shi. Aka mayar da dami biyun rumbu, shi da kansa ya fito da saurayin ya ɗaure jinka.

Da la'asar, gindin tsamiya, Likita ya jingine kekensa ya zauna ya yi gyaran murya.

"Malam, mata uku, da asuba, bakinsu bai zo ɗaya ba. Su wa suka yi gaskiya?"

"Likita, maza biyu sun rantse sun ga an binne ni, ashe wani ne cikin kamannina. Maganar wa ta fito?"

Kowannensu ya tashi yana ganin shi ya ci, kuma har suka tsufa babu wanda ya matsa daga inda yake. Abin da ya canja kaɗai, Yaya bai sake ɗaga yatsa a kan mata goma ba, aƙalla in Gwaggo tana kusa, kuma ya ƙara tambaya ɗaya a kan tambayoyinsa. In ka kawo masa labari sai ya ce, "Fuska ka gani ko riga?"

Ruwa ya sauka a makare shekarar. Dami biyu ba su rufe gonar ba, kusurwar wajen iyaka ta zauna fili. Wata safiya Likita ya zo da ƙulli a bayan keke, ɗan irin da ya rage masa, ya ajiye a zaure ya ce kada a tambaye shi asalinsa. Yaya ya tambaya duk da haka, sai da ya ji daga rumbun wa ya fito da kuma wa ya noma shi, sannan ya shuka. Ba mu samu da yawa ba, amma mun fitar da iri. Geron da nake shukawa yau jikan wancan ne, na mahaifinmu da na Likita sun gauraye, ban iya raba su.

Da Yaya ya rasu na gaskiya, shekaru da yawa bayan haka, Likita ya zo yana dogara sanda, ya tsaya nesa har muka idar da salla. Da muka dawo daga maƙabarta ya kama hannuna ya ce, "Ka ga fuska?" Na ce na gani. Ya gyaɗa kai, ya ce to a duba bayan rumbu kafin a yi gumba.